Amsa ga ɗan uwan da ke shirin komawa Masaka saboda tsadar haya

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wallahi ina karanta tambayarka sai da jikina ya yi sanyi, don halin da kake ciki na san shi ciki da bai. Ka ce mai gida ya sake ƙara muku haya a Garki cikin Abuja, kana so ka kwashe iyali ku koma Masaka ko Ado da ke jihar Nasarawa tunda kuɗin ɗaki ɗaya a gari zai kama maka ciki biyu da falo a can, kana tambaya ko akwai sauƙi da gaske. Ni a hanyar nan nake zaune, gaba da Mararaba, aiki kuma a Wuse, to bari in gaya maka abun da idona ya gani.

Hayar dai akwai sauƙi, ba zan maka ƙarya ba. Amma abun da ka rage a wajen mai gida, direba ne zai karɓe shi kullum safe da yamma, kaɗan kaɗan yadda ba za ka ankara ba sai wata ya yi rabi ka ga aljihu wayam. Kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 litar mai ba ta kai naira 200 ba, ana cirewa ta haura 500, ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000, ka san kuɗin mota in ya hau ba ya saukowa ko man ya sauko. Kuma ba hawa ɗaya ba ne fa. Acaɓa daga lungu zuwa bakin titi, mota zuwa mahaɗar AYA ko Berger a cikin gari, sannan wata motar zuwa wajen aiki, da yamma ka sake maimaitawa, kuma kuɗin yamma ba ɗaya yake da na safe ba, in hadari ya haɗo kuwa sai abun da direba ya ga dama ya faɗa. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashin nan na 70,000 in a Masaka yake kwana, wallahi titi yake yi wa aiki.

Ga gosulo na Mararaba da Nyanya har Kugbo, wannan ba sai na faɗa wa kowa a nan ba. Ana idar da asuba nake fita, yara na barci, in dawo bayan isha sun yi barci. Ƙaramar 'yata har ƙyuya take min ranar Asabar. Kuma tunda ba damar komawa gida cin abincin rana, a gari za ka saya da tsadar gari, ka sa wannan ma a lissafi, mutane suna mantawa da shi.

Amma ni abun da ya fi ci min rai ejan ne, wato dillalin gida. Bawan Allahn nan ɗan uwanmu ne Bahaushe, sahu ɗaya muka yi la'asar da shi ranar da ya kai ni ganin gida, da rani, ƙasa a bushe, an yi sabon fenti. Na tambaye shi ruwa yana shiga? Ya ce haba Alhaji, gidan da ke kan tudu, har da rantsuwa. Ya karɓi kuɗin ganin gida, ya karɓi kashi goma nasa, kashi goma wai na lauya alhali ban taɓa ganin lauyan ba, ga kuɗin koshin, wato na ajiya saboda ɓarna, ga hayar shekara cur. Damina na sauka, wani dare wajen ƙarfe biyu matata ta tashe ni, ina sauke ƙafa na ji ni cikin ruwa. Ruwan kwata ne baƙi mai wari yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, babu wuta, da fitilar waya muka ɗora yara kan tebur suna kuka, katifa ta jiƙe, buhun shinkafar da na ci bashi na saya ya jiƙe, garin masara ya zama kunu a cikin buhu, littattafan makarantar babban yarona suna yawo a falo. Matata ba ta ce min komai ba, tana ta kwasar ruwa da bokiti tana hawaye har aka kira sallah. Da gari ya waye wata maƙwabciya ta ce ai duk wanda ya shiga gidan nan damina ɗaya yake yi ya gudu, shi ya sa ake fentin kowace shekara. Na kira ejan, waya a kashe. Da na same shi a majalisarsu ko kunya babu ya ce min ruwa ai na Allah ne. Mai gida kuma ya ce ba ya mayar da kuɗin haya, kuɗin koshin ɗin ma har yau ban gan shi ba. Na bar su da Allah amma ban yafe ba, har yanzu in na ga hadari da dare gabana faɗuwa yake.

Don haka dan Allah kar ka kama gida da rani sai ka duba gindin katanga ta waje, ruwa yana barin shaida ko an yi fenti. Ka tambayi mai shagon layin da matan maƙwabta, su ne za su gaya maka gaskiya, ba ejan ba. Ka tambayi ruwan sha. Yawancin unguwannin nan babu famfo, ko rijiya ko bohol ɗin wani ko 'yan ga-ruwa, watan Maris da Afrilu rijiyoyi su ƙafe, kuɗin kura ya tashi, kuma gidan da ke da yara kura ɗaya ba ta kai ko'ina. Wuta kuma kar ka yarda da gidan da ba mita, ko mita ɗaya ta haɗaka, rigima ce kullum, wani na da firiza da hita kai kana da fanka amma a raba daidai. Ka tambaya ko akwai tsohon bashi a kan gidan kafin ka sa hannu. Taransifoma in ta lalace karo-karo za a yi, ga kuɗin 'yan sintiri duk wata, ga na kwasar shara.

Inda na ga sauƙi na gaskiya shi ne cefane. Kasuwar Orange ta Mararaba tumatur da albasa da tattasai sun fi araha nesa ba kusa ba, doya ma haka tunda daga Nasarawa da Binuwai take shigowa, in kuka haɗa kuɗi da maƙwabta kuka sayi kwando kuka raba za ka ji daɗi. Kuɗin makarantar yara ma bai kai na gari ba, sai dai ka zaɓa da kyau. Kuma akwai mutanenmu sosai, masallaci da Islamiyya a kusa, iyali ba za su yi kaɗaici ba.

Af, ka kula da 'yan wancans, ɓarayin nan masu fashi da motar haya, kar gajiya ta sa ka faɗa kowace mota da dare, ka shiga tasha ko da ƙarin kuɗi ne. Wani abokin aikina sun kwashe masa albashi ta waya suka jefar da shi a bakin titi.

Ni da za ka ji tawa, kafin ka biya ko sisi ka je ka kwana wajen wani ɗan uwa a can, ka yi zirga-zirgar sati guda ka rubuta duk abun da ka kashe, ka lissafa na shekara ka ɗora kan hayar, sannan ka kwatanta da ƙarin da mai gidanka ya yi. Ka duba Karu da Jikwoyi ma, ko Lugbe in aikinka ta wajen hanyar filin jirgi yake. Ba ka faɗa mana a ina kake aiki ba, kuma madam tana fita aiki ko a gida take? In ku biyu ne za ku riƙa shiga gari kullum, ni dai ban ba ka shawarar Masaka ba.