Amsa ga ƙanena mai son karatun tokar buntu a waje

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin kimiyyar sinadarai, kana son zuwa nan Malesiya yin digiri na biyu kan silikar buntun shinkafa, kana tambaya ko sai ka sauka za ka fara aikin. A'a, fara tun kana Kaduna. Buntun da ake tulawa bayan injinan casar shinkafa ya ishe ka.

Buntu kusan kashi 20 cikin 100 ne na nauyin shanshera, tokarsa kuwa sama da kashi 85 silika ce, wato sinadarin nan da ya fi yawa a cikin yashi. Amma wutar da ka ba ta ita ke yanke hukunci. In ka ƙona shi tsakanin digiri 500 da 700 a ma'aunin Salshiyas, ƙwayoyin silikar ba sa jeruwa, tana nan a sake, cike da ƙananan kafofi. Ita ce mai haɗuwa da siminti ta ƙara wa kankare ƙarfi. Da zarar zafi ya haura 800 zuwa 900, ko ka bar ta ta daɗe a wuta, sai ta fara tsaruwa ta koma kiristobalait, wato silikar da ƙwayoyinta suka jeru, kafofin su toshe, kuzarinta ya mutu. Ƙurar wannan kuma tana lalata huhu, don haka takunkumi ba ado ba ne.

Abin da ɗalibai ke yawan mantawa shi ne potasiyam, wani sinadari da ke cikin buntun. Shi ke saurin jawo tsaruwar, ya kuma kulle baƙin gawayi a ciki, toka ta fito baƙi-baƙi. Ka jiƙa buntun a ruwan asid mai sauƙi, ka ɗauraye sosai kafin ƙonawa, za ka ga ta fito fara sol.

Malaman nan ba takardar sha'awa suke nema ba, sakamako suke so su gani. Ka leƙa Zariya, ko ABU ko NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai da ke Basawa, ka tambayi tanderun lantarki mai ma'aunin zafi. Ka ƙona a 600, 700 da 900, awa biyu kowanne, ka rubuta komai, har lokacin da aka ɗauke wuta, don hakan na canza toka. Sannan a yi maka gwajin XRD, wanda ke nuna jeruwar ƙwayoyi da hasken X-ray: a zanen sakamakon, tudu mai faɗi wajen kusurwar digiri 22 alamar sakakkiya ce, tsini mai kaifi kuwa ta riga ta tsaru.

Ka turo min hotunan gwajin kafin ka rubuta wa kowane farfesa. Ka gaida Hajiya.