Tambaya da Amsa: Mathura, garin Krishna ko na 'yan Jain?

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Ƙofar Marusa, Katsina. Bara na raka mahaifina asibiti a Delhi. Da ya samu sauƙi muka ɗauki mota zuwa Agra, a hanya muka ratsa wani gari wai shi Mathura. Tafintanmu, wanda ko albasa ba ya ci, ya ce garin addinin kakanninsa ne, su 'yan Jain. Ni kuwa duk inda na waiga hoton Krishna nake gani. Gaskiya ya faɗa, ko cika baki ne?

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Tafintanka bai yi maka ƙarya ba. A yau Mathura garin 'yan Hindu ne, domin a nan suke cewa an haifi Krishna, ɗaya daga cikin manyan allolin da suke bauta wa. Amma shekara dubu biyu da suka wuce, addini uku ne ke zaune a wannan gari na bakin kogin Yamuna: Hindu, Buddha da Jain.

Su 'yan Jain suna bin koyarwar wasu jagorori 24 da suke kira Tirthankara. Na ƙarshensu, Mahavira, ya yi zamani da Buddha. Ginshiƙin addinin shi ne kada a cutar da mai rai, ko da ƙwaro ne. Abin da ya hana tafintanka cin albasa ke nan: duk abin da sai an tono shi daga ƙasa, a ganinsu tonon yana kashe tsiron da ƙananan halittun da ke jikinsa. Wanda ke gudun kashe tsutsa kuwa, garma ba ta yi masa daɗin riƙewa. Shi ya sa da yawansu suka karkata ga fatauci, Mathura kuma mahaɗar hanyoyin fatake ce. Kai Bakatsine ba sai an yi maka dogon bayani ba, ka san yadda malamai suka biyo sawun fatake suka cika birninku da karatu.

Hujjar tana wani tudun kufai da ake kira Kankali Tila. Wani Bajamushe, Alois Führer, ya haƙa shi wajen 1890 zuwa 1891, aka tarar da tushen wani dunƙulallen ginin ibada na 'yan Jain, da gumaka da allunan dutse masu yawa, galibi na jan dutsen nan mai ɗigo-ɗigo. Mafi yawa na zamanin sarakunan Kushan ne, su Kanishka da Huvishka, daga ƙarni na 1 zuwa na 3. (Shi Führer daga baya an kama shi da ƙirƙirar rubuce-rubucen bogi, ya bar aiki a 1898, don haka masana suka fi dogara da duwatsun fiye da bakinsa.)

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rubutun da ke gindin gumakan. Ba sarakuna suka biya kuɗin sassaƙa su ba. Za ka ga an rubuta wance, 'yar wane, matar wane, ta bayar da wannan bisa shawarar malaminta ko malamarta wance. Akwai matar madugu, akwai iyalan masu sayar da turare, maƙera, maƙeran zinariya, har da matar wani mai sana'ar rawa. Mata sun yi yawa ƙwarai a cikin masu bayarwar. Rubutun yakan jero har zuriyar malaman, wane ya yi karatu wajen wane, kuma an tarar wasu sunayen rassan sun yi daidai da waɗanda ke cikin tsofaffin littattafan addinin. A ganina wannan ya fi kowane labarin baka ƙarfi. Wani rubutun ma ya kira ginin da cewa alloli suka gina shi, abin da masana ke ɗauka alama ce ta cewa tun a lokacin an manta wanda ya kafa shi saboda daɗewa.

A ƙarni na 4 malaman ɓangaren Svetambara, masu sa fararen kaya, sun yi taro a Mathura ƙarƙashin Skandila don tattara nassoshin da suka fara ɓacewa daga hadda. Aikin bai kammala ba sai a taron Vallabhi, can Gujarat, a ƙarni na 5.

Sarki Mahmud na Ghazni, can Afghanistan ta yau, ya ci garin da yaƙi a 1018, amma ko bayan haka an ci gaba da kafa gumakan Jain a cikin wannan ƙarni. Sannu a hankali ƙarfinsu ya koma yamma da kudu, Gujarat, Rajasthan da Karnataka. Ƙidayar 2011 ta nuna 'yan Jain kusan miliyan 4.5 ne a duk Indiya, ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A Mathura har yau suna ziyartar wurin ibadarsu na Chaurasi, inda suke cewa Jambuswami, ɗaya daga cikin manyan malamansu na farko bayan Mahavira, ya kai matuƙar tsira. Kayan Kankali Tila kuwa, mafi yawansu an kwashe su zuwa gidan tarihi na Lucknow.