Ina teku ya kai yashin Bar Beach?

Tambaya: Malam, tun ina saurayi nake zaune a unguwar Obalende da ke Legas. A da, ranar Sallah mukan je Bar Beach shan iska, daga baya ruwa ya yi ta cin wurin har ya hau titin Ahmadu Bello. Yanzu ɗana yana neman fili a wajen Okun Alfa da ke gaɓar Lekki, an ce can ma teku na ci. Me ke kawo haka?

Amsa: Alhaji, abin da idonka ya gani gaskiya ne, kuma da hannun ɗan Adam a ciki. Yashin bakin teku matafiyi ne. Igiyar ruwan da ke dukan gaɓar Legas daga kudu maso yamma take zuwa, don haka a karkace take hawa tudu, in za ta koma kuwa sai ta gangara kai tsaye. Ka jefa ɓawon kwakwa a bakin ruwa ka tsaya kallo. Zai hau a karkace, ya sauko a miƙe, ya sake hawa, kafin ka ankara ya yi gabas ya bar ka tsaye. Haka kowace ƙwayar yashi take yi dare da rana, tun daga gaɓar Ghana, ta bi Togo da Benin har ta iso mana. Muddin wanda ya shigo daga yamma ya kai yawan wanda ya fita ta gabas, gaɓa ba ta motsi.

Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun duwatsu a mashigin da jirage ke bi zuwa tafkin Legas, don yashi ya daina toshe shi. Jirage sun sami hanya, kuma da ita tashar Apapa take ci har yau. Sai dai katangun sun datse wa yashi tasa hanyar. Ya jibge a yamma, Lighthouse Beach ta yi ta ƙara faɗi, ita kuwa Bar Beach da ke gabas ruwa na kwasa ba mai mayarwa, har fiye da kilomita guda ya shige teku. Gwamnati ta sha zuba sabon yashi, amma kamar zuba ruwa a rariya ne.

A gurbin Bar Beach ɗin nan aka cike teku aka kafa sabon birnin Eko Atlantic, aka kare shi da katangar duwatsu da kankare. Ta tsare Victoria Island, wannan ba musu. Abin da ke damuna shi ne, katanga ba ta haifar da yashi. Igiya ta wuce ta da yunwarta, duk inda ta fara samun gaɓa marar kariya nan za ta ci, kuma gabas ta nufa. A watan Agusta na 2012 teku ya yi toroƙo a gaɓar Kuramo da ke gabas da Bar Beach, aka rasa rayuka. Alpha Beach da Okun Alfa a kan wannan layin suke. Gwamnatin jihar ta jera 'yan katangu masu shiga cikin ruwa a gaɓar Lekki don su riƙe yashi, suna riƙewa, amma wanda ke gabas da ta ƙarshe shi ke kwana a ciki. Ga masu haƙar yashin gini, ga tekun kansa yana ƙara cika a hankali saboda ɗumamar yanayi, ƙasar Lekki kuwa ba ta da tudu.

Batun ɗanka, Alhaji, kada ya biya ko kwabo sai ya je da kansa a watan Yuli ko Agusta, lokacin da igiya ta fi ƙarfi, kuma ya je sa'ad da ruwa ya cika. Ya dubi gindin itatuwan kwakwa. In ya tarar da saiwoyi a waje suna reto, ko kututture tsaye cikin ruwa, wurin ya riga ya fara tafiya. Sannan ya gaida dattawan masunta, ya tambaye su inda gidajen iyayensu suke a da, ya lura da inda za su nuna da yatsa.