Yadda ake auna cunkoson filasma a cikin tokamak

Malam, ka tambaya yaya ake sanin yawan ilektiron da ke cikin filasma, wato iskar gas mai tsananin zafi da ilektiron suka rabu da ƙwayoyin zarranta, alhali zafinsa zai narkar da duk abin da aka tsoma. Tambayarka na kan hanya, domin a ITER, wani babban tokamak (na'ura mai siffar zobe da ke riƙe filasma da maganaɗisu) da ake ginawa a Faransa, ana so zafin ya kai digiri miliyan 150. Shi ya sa daga gefe ake harba igiyar maikurowef.

Ni na fi son dabarar amsa-kuwwa. Inda ilektiron suka kai 10²⁰ a kubik mita, igiyar da saurin kaɗawarta bai kai gigahaz 90 (sau biliyan 90 a daƙiƙa) ba dawowa take yi. Sai a riƙa ƙara saurin kaɗawarta, kowane ƙari ya kutsa ciki kaɗan kafin ya juyo, jinkirin dawowarsa ya nuna zurfin wurin, saurin kaɗawar kuma ya nuna cunkoson ilektiron a can.

Akwai kuma wadda igiya ke ratsawa ta fita ɗaya gefen, amma jimillar ilektiron da ke kan hanyar igiyar kawai take bayarwa.