Aikin Gida Ya Sha Mini Kai, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Ina zaune a Tudun Wada, Kaduna, 'ya'yana huɗu, kuma ina koyarwa. Tun asuba nake tsaye, gidan kullum a hargitse, ga baƙi da bukukuwa ba sa yankewa. Na gaji. Ta ina zan fara?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Ki fara da safiya, domin ita ke dagula sauran yinin, kuma tun da dare ake gyara ta. Bayan isha ki ware minti 20: yunifom a goge, jakunkuna a bakin ƙofa, ruwan wanka a bokiti, abin karin kumallo a yanke shawararsa. Ki sa a buga wa kowane yaro ƙusa daidai tsayinsa, inda zai rataye jaka da kayan Islamiyya, a ajiye kwando ɗaya na takalma a ƙasa. Yawancin ihun ƙarfe 7 na safe neman safa ƙafa ɗaya ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki Asabar a ce yau za a gyara gida gaba ɗaya. Kafin azahar ƙarfi ya ƙare, kaya na jibge a kan gado, da dare a sake cusa su yadda suke. Ki riƙa ɗaukar durowa ɗaya ko kanta ɗaya a rana, da buhu uku: na amfani, na kyauta, na zubarwa. Buhun kyauta kada ya wuce mako a gidan, in ba haka ba yara za su zazzage shi. Kayan auren da aka jera ba a taɓawa kuwa, da hunturu ƙura suke tarawa kawai, ke ce kuma mai gogewa. Ki bar na yau da kullum a kusa, sauran a rufe a kwali.

Kayan miya a yi markaɗensu sau ɗaya a mako, a tafasa har ruwan ya tsane, a raba a ƙananan robobi, kowace ta miya ɗaya. Babbar roba da ake narkarwa ana mayarwa firiza ita ke tsami. Idan wutar unguwarku ba ta tsayawa, ki tsaya a na kwana biyu.

Sai batun kara, wanda ya fi komai wuya. Ba kowane biki ne sai kin je kamu, kin je wuni, kin yi rakiyar amarya ba. Zaɓi ɗaya, ki aika gudunmawa, ki kira ki yi addu'a. Ki yanke abin da za ki iya kashewa na anko da gudunmawa a wata, in ya ƙare ya ƙare. Mai zuwa hira kina tsakar aiki kuma, ki tare ta da fara'a: "Yaya, yau hannuna a cike yake, amma Asabar bayan la'asar ina nan." Kada ki ja dogon bayani, shi ke buɗe ƙofar roƙo.

Maigida kuwa, "ka riƙa taimaka mini" ba ta cika aiki ba, don bai san me ake nufi ba. Ambaci aikin da sunansa: cika gas, kai yara makaranta, cefanen Talata a kasuwar Kawo. Abin da ya ɗauka ya zama nasa har da tunawa. Ɗan shekara 5 zai iya tattara takalma, ɗan 8 ya yi shara ya ninke kaya, ɗan 10 ya wanke yunifom ɗinsa, maza da mata duka. Sharar ba za ta yi kyau da farko ba, kada ki bi bayansu kina sakewa.

Idan gajiyar ta haɗu da rashin barci, rashin cin abinci, yawan kuka ko fita daga sha'awar komai har sama da mako biyu, ki ga likita, a duba jininki ma. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa na duba masu ciwon damuwa.