Ina son finafinan ban tsoro, wane littafi zan karanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, tun ina yaro nake son finafinan ban tsoro, na Amurka da na Indiya, har da tsofaffin nan da ba su yi kasuwa ba amma suna da masoya na gani-kashe-ni. Yanzu kallo kawai bai ishe ni ba, so nake in gane abin. Waɗanne littattafai zan nema? Ina karanta Turanci, Larabcina ma ba laifi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka ta faranta min rai, domin mutane da yawa suna ɗaukar irin waɗannan finafinai shirme ne na jini da ihu, alhali an yi rubutu mai zurfi a kansu.

Fara da Danse Macabre na Stephen King, wanda ya fito a 1981. Ba ƙagaggen labari ba ne, hira ce doguwa kan finafinai da littattafan tsoro daga 1950 zuwa 1980. Ya buɗe shi da abin da ya faru da shi a watan Oktoba na 1957, yana ɗan shekara goma. Suna cikin silima suna kallon fim ɗin wasu halittu da suka kawo wa duniya hari daga sama, sai aka tsayar da fim, aka kunna fitilu, manaja ya fito ya sanar da yara cewa Rasha ta harba tauraron Sputnik. Tsoron da ke kan majigi da tsoron da ke waje suka zama abu ɗaya. A kan wannan ya gina littafin: dodon fim yakan ɗauko abin da ke hana mutanen zamaninsa barci ne ya sa masa fuska. Ya kuma kasa tsoro gida uku. Na sama shi ne fargabar abin da ba ka gani ba, na tsakiya razanar ganin abin ido da ido, na ƙasa kuma ƙyama, wato jini da hanji. In ka riƙe wannan ma'auni, za ka riƙa gane darektan da ya iya aikinsa da wanda ya fake da jan fenti.

In kana son ganin matakin sama a aikace, nemi The Haunting of Hill House na Shirley Jackson, 1959, wanda Robert Wise ya mayar fim a 1963. Akwai wurin da Eleanor, jarumar labarin, take kwance cikin duhu, tana jin kukan yaro ta bayan bango, ta damƙe hannun abokiyar kwananta har yatsu suna ciwo. Da haske ya dawo, sai ga abokiyar zaune a kan gadonta, yanzu ma take farkawa. To hannun wa ta riƙe? Ba a nuna maka komai ba, ba ɗigon jini ko ɗaya. Na karanta wurin nan ya fi a ƙirga, har yau sai na ji tsikar jikina ta tashi.

Frankenstein na Mary Shelley kuwa, wajibi ne. Ta fara rubuta shi a 1816 a bakin tafkin Geneva tana 'yar shekara 18, ya fito a 1818. Wanda ya san labarin daga fim ɗin 1931 da Boris Karloff ya fito a matsayin halittar zai sha mamaki. Frankenstein sunan wanda ya haɗa halittar ne, ba sunanta ba. Kuma halittar littafin ba gurnani take yi ba: ta koyi magana ta hanyar laɓewa tana sauraron wasu iyali, ta koyi karatu, ta tsare mai haɗa ta da hujja kan dalilin da ya sa ya kawo ta duniya ya gudu ya bar ta. Fim ya yanke mata harshe, da shi kuma ya yanke rabin labarin. Tunda kana da Larabci, bi shi da Frankenstein fi Baghdad na Ahmad Sa'adawi, 2013, wanda ya ci babbar kyautar ƙagaggun labaran Larabci a 2014. Wani ɗan gwangwan ne yake tsintar sassan jikin waɗanda bom ya kashe yana ɗinkewa, don a samu gawa guda da za a yi wa sutura. Gawar ta tashi neman fansa.

Su kuma finafinan da ka ce suna da masoya na gani-kashe-ni, littafinsu shi ne Cult Movies na Danny Peary, 1981, mai sharhi kan fim 100. Kada kalmar farko ta sunan ta ruɗe ka, ba ƙungiyar asiri ake nufi ba. Fim ne da 'yan tsiraru suka riƙe, suna maimaita kallonsa har su haddace. Midnight Movies na Hoberman da Rosenbaum, 1983, ya ba da tarihin yadda gidajen silima na New York suka fara nuna irinsu da tsakar dare a farkon shekarun 1970. Ina gaya maka tun yanzu, wasu finafinan da suke tattaunawa akwai batsa da ƙazanta a ciki. Karanta sharhin, amma ba duk abin da suka yaba ne zan ce ka nema ba.

Akwai biyu masu nauyi da za ka ajiye sai ka yi ƙwari. Carol Clover, a Men, Women, and Chain Saws na 1992, ta tambayi me ya sa a finafinai irin su Halloween na 1978 kusan kullum yarinya ɗaya ce take saura a ƙarshe, kuma samarin da ke kallo suke komawa bayanta. Robin Means Coleman kuma, a Horror Noire na 2011, ta bi sawun baƙar fata a finafinan tsoro na Amurka. Karanta abin da ta ce kan Night of the Living Dead na 1968, inda jarumin, baƙar fata, ya tsira daga matattu dare guda cur, da gari ya waye 'yan sintiri fararen fata suka harbe shi. A shekarar ce aka kashe Martin Luther King.

Ban manta da Indiya ba. Shamya Dasgupta ya rubuta Don't Disturb the Dead a 2017, tarihin 'yan'uwan nan bakwai na gidan Ramsay da suka yi Purana Mandir a 1984 da Veerana a 1988. Aikin gida ne: wannan ya ba da umarni, wancan ya riƙe kyamara, wani ya kula da sauti, da ɗan kuɗi kaɗan.

Game da samuwa, Frankenstein da Dracula na Bram Stoker, 1897, sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, za ka sauke su kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg. Frankenstein bugu biyu ne sanannu, na 1818 da wanda Mary Shelley ta yi wa gyara a 1831. Ni na 1818 na fi so, ya fi zafi, don haka duba shekarar kafin ka sauke.