Amsa ga mai tambaya kan zane da yara masu ciwon raunin tsoka

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Kin ce an ba ki ɓangaren zane a sansanin hutun yaran, kuma kin rasa yadda za ki yi da waɗanda hannunsu ba ya ɗaguwa, da an fara sai su ajiye buroshi. Nawa ɗan ma irin ciwon raunin tsokar da ake kira Duchenne gare shi, yanzu a keke yake, don haka na san abin da kike gani.

Don Allah kar ki ƙarasa wa yaro zanensa. Mu an yi mana. Wata mai taimako ce a sansanin da muka kai shi, yana cikin zana jirgin ruwa a hankali don haka hannun yake, ta ga lokaci zai ƙure sai ta zare buroshin ta ce kawo in gyara maka, ta cike ko'ina da shuɗi har da ƙara masa rana da tsuntsaye. Ranar da iyaye suka zo an manna shi a bango ana ta yabo, ita tana tsaye tana washe baki wai Maman wane kin ga aikin yaronki. Shi ko ya juya kekensa ya ba bangon baya. A mota ya ce Mama ba nawa ba ne. Yaron da wanka yi masa ake, kaya sa masa ake, cikin dare ma sai an juya shi, abu ɗayan da ya rage yana yi da kansa shi ta ƙwace! Da na yi mata magana cewa ta yi ai ya fi kyau haka, ko haƙuri ba ta ba shi ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Kin san ciwon daga cinya da ƙugu da kafaɗa yake farawa, yatsu su ne ke daɗewa suna aiki. To ki kawo komai kusa da yatsun. Teburin ya zama keke na shiga ƙarƙashinsa, gwiwar hannu a kan tebur, kar a kafa musu allo a tsaye. Takarda ƙarama, ki liƙe ta da salatif, in ya gama gefe ɗaya ke ki juya masa ita. Alƙalamin maka da fentin ruwa sun fi kalar da sai an danna, buroshi mara nauyi, in riƙon na zamewa a naɗa masa soso. Yumɓu mai tauri manta da shi. Murfin kwalba ke za ki buɗe, amma kala shi zai zaɓa, ko da kore ya ce za a yi wa sama.

Fentin fesawa da gam mai wari ki cire su gaba ɗaya, tsokar numfashinsu ma tana da rauni, tari ba ya fita da ƙarfi. In ya ce ya gaji ya gaji, ba lalaci ba ne, tsokar da ba ta da distirofin, wato sinadarin da ke kare tsoka, lalacewa take in aka matsa mata, a ajiye a ci gaba gobe.

Ba ki tambaya ba amma ki faɗa wa abokan aikinki kar wanda ya ɗaga yaro ta hammata ko ya ja hannunsa, kafaɗar ba ta riƙewa, masu shan prednisone kuma, wato maganin da ake ba su don ciwon, ƙashinsu bai da wuyar karyewa. Kar kuma a tanka kumburin fuskarsu, maganin ne, suna jin zafin maganar sosai.

Manyan da raunin hannunsu ya yi nisa, nawa yanzu a tablet yake zane da yatsa ɗaya, ki tambayi iyayen ko za su zo da nasu. Shekarun yaran naki nawa ne, duk a keke suke ko akwai masu tafiya?